Wanda Ke Kwance a Gadon Baba

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jiya aka sallamo Baba daga asibiti. Kwana goma sha ɗaya ke nan tun da ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kafinta da ke bayan gida. Jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu ya shanye. Da aka zo maganar wanda zai tare a gidan ya yi jinya, ba a ko ɓata yawu ba, kowa ya juyo ya dube ni. Wai ai Auta ma'aikaciyar asibiti ce. Ni ungozoma ce, jama'a. Shekara goma sha takwas ina karɓar jarirai, ban taɓa karɓar tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu ba.

Yaya Fasto, babbanmu, ikkilisiya ta riƙe shi. Yaya Malama, mai bi masa, bayanta ke ciwo, ciwon da ba ya tashi sai an ambaci aiki. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta raine ni, ita ma neman mai riƙe ta take yi. Saura ni. Na bar maigida da yara, na ɗauko jaka ɗaya, na dawo ɗakin da na girma a ciki. An mayar da ni aikin rana kwana uku a mako, sauran kwanakin na Baba ne.

Wannan littafin na saye shi ne don rubuta awon jininsa da lokacin magani. Ga shi shafin farko ya tafi a mita.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Jikin ba shi ne matsalar ba. Na iya juya mutum, na iya canza zanin gado mutum na kwance a kai. Bakin ne.

Mutumin da shekara talatin yana dattijon ikkilisiya, wanda in guduma ta sami yatsansa iyakacinsa ya ce "to, madalla", yau ya zagi cokali. Ya zagi uwar cokalin. Ya ce wa Gwaggo tsohuwar kaza, ya ce shayin da na haɗa ruwan wanki ne. Wasu kalmomin ban ma san ya san su ba. A ina ya ajiye su duk shekarun nan?

Wani lokaci yana gane mu, wani lokaci yana tambaya wa ya bar baƙi suka cika masa gida. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye a kan maganar kazar, ta shiga ɗaki, na ji dariyar ta koma wani abu.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ina ba shi magani. Yaya Fasto na bakin ƙofa, Gwaggo na kan kujera. Ya dube ni sosai, ya gane ni, har ya kira ni Auta. Sannan ya faɗa.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe shida na safe

Awon jini 150 bisa 90. Ya sha magani. Na ba shi ban dubi fuskarsa ba.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau falo ya zama makaranta. Yaya Malama ta zo da mijinta, wanda muke kira Farfesa ko da yake malamin falsafa ne kawai a kwaleji, bai kai can ba tukuna. Shi da Yaya Fasto suka zauna, na kawo musu shayi, na koma wanke zannuwan da Baba ya ɓata. Famfon yana daf da taga, don haka babu abin da ya wuce ni.

Yaya ya ce kada kowa ya damu. Mutum kashi uku ne: jiki, da rai, da ruhu. Jiki ya sami rauni, rai kuma, wato tunani da so da ƙi, ya rikice saboda yana manne da jiki. Amma ruhu, wanda shi ne ke ganawa da Allah, yana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Farfesa ya ce, "Yana nan a ina, Fasto? Nuna mini da yatsa."

"Ba a nuna ruhu da yatsa."

"To ta yaya ka san lafiyarsa lau?"

Daga nan sai ya buɗe jakarsa ta baki. Wai tun zamanin da masana ke wannan gardama. Wasu sun ce rai kamar mahayi ne, jiki dokinsa. In dokin ya gurgunce mahayin bai gurgunce ba. Wasu sun ce a'a, rai a jiki kamar kaifi ne a wuƙa, ba ka cire kaifin ka ajiye a aljihu. Wasu sun ce kamar kiɗa ne a jikin molo: tsirkiya ta tsinke, ina kiɗan ya tafi? Wasu kuma sun ce mutum shi ne abin da yake tunawa, in tunawar ta gushe, wanda ke kwance wani ne daban mai kama da shi.

Yaya ya ce wannan maganar marasa bangaskiya ce. Farfesa ya ce shi ma fa mai baftisma ne, kuma maganar mahayi da doki da Yaya ke so, a hannun masu falsafa aka aro ta. Ya ce in da rai shi kaɗai ne mutum, me ya sa muke furta cewa mun gaskata da tashin jiki? Sai a bar jikin a ƙasa mana, a huta.

Suka yi ta yi. Uku ne, biyu ne, ɗaya ne. Na leƙa ta taga hannuna duk kumfa na ce, "Ko nawa ne, yana bukatar a juya shi ƙarfe biyu. Wa zai kama mini ƙafafu?"

Yaya ya duba agogo, yana da taron dattawa. Farfesa dai ya tashi, ya kama, ya kusa karya wa tsoho gwiwa.

Babu wanda ya ambaci ranar Laraba. Na san an gaya musu, don Yaya Malama sai kallona take kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Zumuntar mata sun zo bayan sujada, su tara, da lemo da sabulu. Na roƙi Yaya ya hana su, ya ce ba a hana mutane lada. Suka kewaye gadon suka ɗauki waƙa. Baba ya saurara har baiti biyu, sannan ya ce wa shugabarsu muryarta kamar zarto a kan ƙusa. Allah na tuba, wannan kam gaskiya ya faɗa. Abin da ya biyo baya ne ba na maimaitawa ba. Suka fita a jere, kowace ta sunkuyar da kai, kuma na san kafin yamma labarin ya gama unguwa.

Gwaggo tana da nata bayanin. Ta ce kurwarsa ce ta razana da ya faɗi, ta fice, ba ta gane hanyar dawowa ba. Yaya ya ce, "Haba Gwaggo, shekara sittin kina zuwa coci." Ta ce, "Kai da ka yi karatun, dawo mini da ɗan'uwana mana."

Yanzu kashi huɗu ke nan. Jiki, rai, ruhu, kurwa. Duk ni ke yi musu wanka.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun koma ganin likita. Ya ɗora hoton ƙwaƙwalwar a jikin fitila ya nuna mini tabon, can gaba, bai fi girman ƙwai ba. Na tambaye shi maganar zagin. Ya ce, "Sista, wurin nan shi ne birki. Kowa yana da abubuwan da ke zuwa masa a ka, birki ke tare su kafin su kai baki. Na Baba ya tsinke. Kada ki sa a ranki."

Da nufin kwantar mini da hankali ya faɗa. Tun a mota nake juya maganar. In birki ne kawai ya tsinke, ashe kayan dama suna cikin motar. Ciwon bai ƙirƙiro komai ba, ƙofa ya buɗe. Da ya ce mini ciwon ne ke ƙaga maganganun, da na yi barci.

Na tambaye shi ko zai dawo yadda yake. Ya ce a yi ta addu'a. Likita na tura ni wurin fasto, fasto na duba agogo.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mako ɗaya. Shi ya manta. Ya ce in ƙara masa sukari.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba. Haihuwa huɗu. Ta ukun ce ta tsaya mini.

Yarinyar ta fito shiru, jiki saɓule, launinta ba daɗi. Na goge ta, na murza bayanta, na share hanci da baki, na sa mata jakar hura iska. Ɗaya, biyu, uku. Wajen hurawa ta goma ta ja wani numfashi kamar mai shaƙuwa, ta tsandara kuka. Na ga wannan ya fi sau ɗari, amma yau na tsaya ina tambayar kaina: me ya shigo? Minti ɗaya da ya wuce tana nan, duk gaɓoɓinta cikakku, amma babu kowa. Yanzu ga mutum har da fushi. Su Farfesa sun ɓata mini aiki, da can ba na irin wannan tunanin.

Ban gama da jaririyar ba uwar ta ɓalle da jini. Muka rufu a kanta mu uku, ƙarin ruwa hannu biyu, allura, danna mara, a kira likita. Minti arba'in kafin ya tsaya. Ta rayu.

Na naɗe yarinyar na fita da ita wurin uban a baranda. Ko kallon zanin bai yi ba. "Matata fa? Ina matata?" Na ce tana nan da rai, ga 'yarka. Ya ce, "Ajiye ta tukuna." Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce masa yarinyar nan ba ita ta zaɓi yadda za ta zo ba, ba ta yi wa kowa komai ba, ya miƙo hannu ya karɓe ta. Bawan Allah ya miƙo hannu ya karɓa.

Shugabar ɗakin haihuwa ta kira ni ofis. Ta ce shekara goma sha takwas ba ta taɓa jin muryata a sama ba, lafiya? Na ce gajiya ce. Na daɗe a wurin wanke hannu.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sabuwar rigima. Lahadin farko na wata ake kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi, a gida. Gwaggo ta ce a sa sunan Baba. Yaya ya ce a dakata. Wai wanda zai ci dole ya auna kansa, ya san abin da yake karɓa, Baba kuwa a halin yanzu bai sani ba, ga kuma bakinsa. Kada ya ci wa kansa hukunci.

Na ajiye tsintsiya. Na ce, "Yaya, ba kai ka ce ruhunsa lafiya lau ba, ko ƙwarzane babu?"

"Na faɗa."

"To ruhun za a ba, ko bakin?"

Ya ce ba haka ake fassara abin ba, akwai tsari, akwai dattawa, akwai abin da mutane za su ce bayan abin da ya faru da zumuntar mata. Na ce ashe ba a nan gizo ke saƙa ba, mutane ne. Ya ce, "Auta, ki iya bakinki." Na ce a gidan nan yanzu ni kaɗai aka sa wa wannan dokar.

Bencin da suke zama a kai a cocin nan, da mumbarin da Yaya ke hawa, da teburin da ake ɗora gurasar, duk Baba ya yi su da hannunsa. Shekara talatin shi ke zagayawa da faranti.

Wani abu kuma na lura: tun ranar Larabar nan Yaya bai ƙetare bakin ƙofar ɗakin ba. Daga nan yake addu'a, da ƙarfi, idonsa a rufe.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai gashin ƙashi ta ce a ba hannun daman abin yi. Na shiga shagon, karon farko tun da abin ya faru. Fensirinsa na nan a kan benci, da wata kujerar yara mai ƙafa uku da bai gama ba. Na ɗauko guntun katako da samfefa na ɗora masa a cinya. Ya shafa katakon da babban yatsa, ya juya shi, ya nemo inda jijiyar itacen ta nufa, ya fara gogawa a hankali. Awa guda bai zagi kowa ba.

Farfesa ya shigo shi kaɗai ya tarar da mu haka. Ya tsaya yana kallo. Na ja shi kicin na ce, tun da shi ne mai karatun, ya ba ni amsa ɗaya, ban da jerin masana. Wanne ne Baba na gaskiya, na shekara arba'in da ɗaya da na sani, ko wannan?

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Auta, a aji ina da amsa shida. A nan ba ni da ko ɗaya." Can ya ƙara da cewa shi dai bai yarda cewa abin da ya fi zurfi a mutum shi ne ya fi zama gaskiyarsa ba. Kowace rijiya akwai laka a ƙasanta, amma ba a ce lakar ce rijiyar.

Na ce to, amma lakar tana ciki.

Ya ce tana ciki.

Aƙalla bai yi mini ƙarya ba. Ya wanke kofuna kafin ya tafi, ya fasa ɗaya.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Bayana ya riƙe da gaske, ba irin na Yaya Malama ba. Yaya Fasto ya biyo zai wuce ofis, da kwat da abin wuyansa. Na miƙa masa tawul da soso. Ya ce bai iya ba. Na ce ni ma ba da shi aka haife ni ba.

Ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Ina daga kujera ina ba da umarni: fara da fuska, ɗaga hannun hagun a hankali, bushe tsakanin yatsu. Baba ya zage shi tas, ya ce masa ragon banza mai cin kuɗin baiko. Yaya ya ci gaba da wankan. Da ya zo ƙafafu ya durƙusa, ya daɗe a kan ƙafar da ta shanye, yana ta goge wuri ɗaya. Da ya gama ya shiga banɗaki ya buɗe famfo. Famfon ya yi ta zuba kusan minti goma. Ban ƙwanƙwasa ba.

Da zai fita ya tsaya ya ce, "Maganar ranar nan, Auta..." Na ce ana jiransa a ofis.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe shida na safe

140 bisa 85. Maigida ya bugo, wai yara na tambaya yaushe zan dawo, kuma ina nake ajiye dutsen guga. Shekara goma sha biyar a wuri ɗaya yake.

Jibi ranar haihuwata. A gidan nan ba a taɓa yin ta da hayaniya ba, saboda rana biyu ce a haɗe: ranar da na zo duniya Mama ta bar ta.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kowace shekara a rana irin ta yau Baba kan tashi da sassafe ya tafi kabarin Mama shi kaɗai. In ya dawo sai ya wanke fuska, ya kira ni, ya ba ni wani abu da ya sassaƙa: mataji, akwatin 'yan kunne, ƙaramar kujera. Ko bayan na yi aure bai fasa ba. Yau bai san ranar ba.

Ina tsince shinkafa Gwaggo ta zauna kusa da ni. Na ce, "Gwaggo, tambaya ɗaya, kuma kada ki lallashe ni. Abin da ya faɗa, ya taɓa faɗa a da?"

Ta daɗe tana kallon tiren. Ta ce, "Sau ɗaya. Ranar da aka dawo daga jana'iza. Ina riƙe da ke, kwananki biyu a duniya. Yayanki na tsaye, yana ɗan shekara tara. Kalmomin nan dai, ba ragi ba ƙari."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, ban ga ko tsakuwa ɗaya ba.

Ta ce wata uku bai dube ni ba. In na yi kuka sai ya fice shago ya kama buga guduma. Ita har ta fara shirin tafiya da ni gidanta. Wata rana da hantsi ta fita shanya, ta dawo ta tarar babu ni a kan gado. Ta same mu a shago, ya shimfiɗa rigarsa a cikin aljihun tebur ya kwantar da ni, yana zaune a ƙasa yana kallona. Ya ce mata, "Na yi wa Allah laifi, na yi wa yarinyar nan laifi. Kada ta taɓa ji." Daga ranar, in ji ta, ko ita sai ta yi da gaske yake ba ta ni.

Na ce, "Ashe dai yana ciki."

Ta ce, "Yana ciki mana, 'yar nan. Matarsa ce fa. Kina tsammani don mutum ya tuba sai ciwon ya ɓace? Kullum yana tashi da shi, kullum yana danne shi ya zo ya goya ki. Shekara arba'in da ɗaya. Yanzu hannun da yake dannewa da shi ne ya shanye."

Na ce da ta bar ni da zaton ciwo ne. Ta ce ni na ce kada ta lallashe ni.

Shinkafar ta ƙone.

Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na kira Yaya Malama na ce ta zo da bayan nata yadda yake. Na tafi gidana.

Juma'a, 31 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na yi barci, na yi guga, na yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ba. Yaya Malama ta bugo sau bakwai. Wai ya ƙi karɓar magani a hannunta, ya ce ba ita ce mai ba shi ba, a kira ɗayar, mai ɗaure fuskar.

Mai ɗaure fuska. To.

Lahadi, 2 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Na dawo jiya. Yau bayan sujada sai ga Yaya Fasto da ƙaramin akwatin nan na kai Jibi gida. Ban tambaye shi yadda suka ƙare da dattawa ba, shi ma bai faɗa ba. Ya shigo har cikin ɗakin, ya zauna a bakin gado. Gwaggo, Yaya Malama, Farfesa, ni. Ni dai ina jiran zagi.

Yaya ya yi addu'a, gajeriya, abin da ban saba ji daga gare shi ba. Ya miƙa wa Baba farantin. Baba bai ɗauki gurasar ba, farantin gaba ɗaya ya karɓe da hannun dama. Yaya ya kai hannu zai tare, Farfesa ya riƙe shi. Baba ya miƙa wa Gwaggo. Ta ɗauka. Ya miƙa wa Yaya Malama, ya miƙa wa Farfesa, hannun na rawa, gutsattsarin na zamewa gefe. Ya zo kaina. Ban sani ba ko ya gane ni. Ya riƙe farantin yana jira, kamar yadda yake jira a ƙarshen kowane benci in mutum ya yi nawa. Na ɗauka. Sai da Yaya ya ɗauka sannan ya ɗauki nasa.

Da aka ba shi ƙoƙon ya shanye, ya leƙa ciki, ya ce wane marowaci ne ya zuba wannan. Gwaggo ta ce amin da ƙarfi don ta rufe sauran.

A falo ina jin Farfesa na cewa wannan sabo ne na jiki, hannu ke tunawa. Yaya ya ce ruhu ne. Suka soma. Na rufo musu ƙofa, na je na canza zanin da inabin ya ɗiga a kai.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gemunsa ya yi yawa, abinci na maƙalewa. Na zaunar da shi kusa da taga, na ɗaura masa tawul, na shafa kumfa. Yau yana cikin kwanakin da bai san kowa ba, ya ɗauke ni wata ma'aikaciya da aka aiko. Ya zauna shiru, yana ɗaga haɓa in na ce ya ɗaga.

Ina kan kumatun hagu ya ce, "Yarinya, hannunki da sauƙi. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na ce, "'Yar wani kafinta ce."

"Kafinta? Ya iya aiki kuwa, ko irin na yanzu ne masu cika ƙusa?"

Na ce ya iya. Kujerar da ya yi mini tun ina shekara biyar har yau ba ta yi ƙara ba.

Ya gyaɗa kai, na ce ya daina motsi kada in yanke shi. Na gama haɓar. Can ya ce, "Ya riƙe ki da kyau dai ko?"

Rezar na hannuna. Na tsoma ta a ruwa na girgiza, na sake girgizawa, ko da yake babu sauran kumfa a jikinta.

Na ce, "Ya riƙe ni da kyau, Baba. Da wahala, amma ya riƙe."

Ya ce, "To madalla. In kin koma ki gaishe shi."

Na ce, "Zai ji."